Wasiƙu biyar da James Meredith ba zai taɓa samu ba

A watan Janairun 1961, washegarin rantsar da John F. Kennedy a matsayin shugaban Amurka, wani tsohon sojan sama mai shekara 27 ya rubuta wa Jami'ar Mississippi wasiƙa yana neman fom ɗin shiga. Amsa ta zo masa ba da jimawa ba, cike da fara'a: sun ji daɗin sha'awar da ya nuna, ga fom nan ya cike. Ya cike, ya manna hotonsa kamar yadda aka buƙata, ya kuma ƙara bayanin cewa shi ɗan Amurka ne, ɗan Mississippi, baƙar fata. Ranar 4 ga Fabrairu sai ga wayar tangaraho daga ofishin rajistara, wai an rufe karɓar takardu, kada ya wahalar da kansa ya zo.

Sunan mutumin James Meredith. Duk wanda ya san sunan, yawanci ya san shi ne saboda dare guda, daren 30 ga Satumban 1962, lokacin da harabar jami'ar da ke garin Oxford ta koma fagen daga, mutum biyu suka mutu, har sai da gwamnatin tarayya ta tura sojoji wajen dubu 30. Wannan daren ya cancanci a tuna da shi. Amma ni a ganina ya rufe wa mutane ido daga abin da ya fi shi muhimmanci. Tarzoma ta kwana ɗaya ce. Abin da ya hana baƙar fata shiga wannan jami'a tun kafa ta a 1848, musamman a shekarun ƙarshe, takarda ce da hatimi da sa hannu, da mutane masu tsabtar tufafi waɗanda ba su taɓa jifan kowa da dutse ba.

Ga misali ɗaya daga cikin ƙa'idojin. Duk mai neman shiga sai ya kawo wasiƙun shaidar hali daga tsofaffin ɗaliban jami'ar su biyar. A ido ba wani laifi, ko kalmar launin fata babu a ciki. To amma jami'ar da ba ta taɓa yaye wanda aka sani baƙar fata ne ba, su wane ne tsofaffin ɗalibanta? Farare ne zalla. Wane farar fata ne kuma a Mississippi ta wancan zamani zai sa hannu a takardar baƙi, ya kwana lafiya, kasuwarsa ta ci gobe? An kafa wannan sharaɗi a 1954, 'yan watanni bayan Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, ranar 17 ga Mayu, cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Ruwa ba ya tsami banza. Meredith ya san ba zai samu wasiƙun ba, sai ya aika da na baƙaƙen fata biyar na gundumarsu ta Attala waɗanda suka san shi a garinsu Kosciusko. Aka ce ba su ake nufi ba.

Bayan wannan sai aka ɓullo da wata. Meredith yana karatu ne a Kwalejin Jackson State, ta baƙaƙen fata, yana neman canjin makaranta. Sai jami'a ta ce daga yanzu ba ta karɓar ɗalibi sai daga makarantar da ƙungiyar tantance kwalejojin kudanci ta amince da ita, Jackson State kuwa ba ta ciki. Abin dariya, ko abin kuka, shi ne hukumar amintattu guda ce ke kula da makarantun biyu. Wato jiha ta gina wa baƙaƙe kwalejin da ba ta ba ta abin da zai kai ta matsayi ba, sannan ta juyo ta ce da ɗalibin kwalejin makarantarsa ba ta kai ba. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur ana ce masa "ka dawo gobe, oga ba ya nan" ya san ɗanɗanon irin wannan kora da hali, sai dai nasu an yi shi ne da gangan a kan jinsi guda, kuma da kuɗin harajin da shi ma wannan jinsin yake biya.

Ranar 31 ga Mayun 1961 aka shigar da ƙara. Lauyarsa Constance Baker Motley ce, daga sashen shari'a na ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata, wadda daga baya ta zama mace baƙar fata ta farko da aka naɗa alƙalin kotun tarayya. A gaban kotu manyan jami'ar suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna rantsuwa cewa launin fata ba ya cikin abin da suke dubawa. Lauyoyin jiha suka tono fayil ɗin Meredith na soja, suka ce ai yana da ciwon ciki na damuwa, kuma mai tayar da fitina ne. Alƙali Sidney Mize ya saurari duk wannan ya yanke hukunci cewa ba a tabbatar jami'ar tana wariya ba. Jami'ar da kowane yaro a jihar ya san ta farare ce. Sai a kotun ɗaukaka ƙara, a watan Yunin 1962, Alƙali John Minor Wisdom ya kira abin da sunansa, ya ce shiri ne na jan ƙafa da tsangwama da aka tsara da gangan. Ko bayan haka wani alƙali, Ben Cameron, ya yi ta dakatar da hukuncin har sau huɗu, sai da Mai shari'a Hugo Black na Kotun Ƙoli ya yi wa tufkar hanci ranar 10 ga Satumba.

Ko a nan takarda ba ta gaji ba. Aka maka Meredith a wata ƙaramar kotu da zargin yin rajistar zaɓe a gundumar da ba tasa ba, aka yanke masa hukunci ba ya wurin, majalisar dokokin jiha kuma ta yi sauri ta kafa dokar hana mai irin wannan tabo shiga jami'a. Doka sukutum saboda mutum ɗaya.

Kada a ɗauka shi ne na farko da ya ƙwanƙwasa ƙofar. Medgar Evers, jami'in NAACP a Mississippi, wanda ya ba Meredith shawara kuma ya haɗa shi da lauyoyi, shi ma ya nemi shiga sashen koyon aikin lauya na wannan jami'a a 1954 aka hana shi. A 1958 wani malami, Clennon King, ya je yin rajista, aka kama shi aka kai shi asibitin mahaukata na jiha, ya yi kusan mako biyu kafin likitoci su ce lafiyarsa ƙalau. Hujjar a fili take: sai mahaukaci ne zai yi tunanin shiga. Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Clyde Kennard, tsohon soja da ya yi karatu a Jami'ar Chicago, ya dawo gida kusa da Hattiesburg don ya taimaki mahaifiyarsa da gona. Ya nemi ƙarasa digirinsa a Kwalejin Mississippi Southern da ke kusa da gidansu. A 1960 aka ɗora masa laifin hannu a satar abincin kaji na dala 25. Mu a Hausa cewa muke an shafa wa mutum kashin kaji, shi nasa har da buhunan dusar. Masu taimaka wa alƙali, farare duka, suka same shi da laifi cikin 'yan mintoci, aka ɗaure shi shekara bakwai a gidan yarin Parchman. Ciwon daji ya kama shi a can, aka ci gaba da tura shi aikin gona, aka sake shi da ya kusa mutuwa, ya rasu ranar 4 ga Yulin 1963, ranar da Amurka ke bikin 'yancin kai. Sai a 2006 kotu ta wanke shi. Babu tarzoma a labarin Kennard, babu soja, babu 'yan jarida daga ƙasashen waje. Komai an yi shi bisa ƙa'ida.

Shi kuwa Gwamnan Mississippi Ross Barnett, wasan kwaikwayo ya yi da rayukan mutane. A bainar jama'a yana rantsuwa ba za a haɗa makarantu ba muddin yana kan kujera, ya je da kansa ya tare ƙofa, har yana tambayar wai a cikin waɗannan mutane wane ne Meredith, alhali shi kaɗai ne baƙi a cikinsu. A ɓoye kuma yana kan waya da Antoni Janar Robert Kennedy suna cinikin yadda zai janye ba tare da ya ji kunya ba. Har roƙo ya yi a sa dogaran kotun tarayya su zare bindigogi a gabansa, don mutanensa su ga cewa fin ƙarfi aka yi masa. Daren Asabar 29 ga Satumba ya tsaya a filin ƙwallo a Jackson ya zuga dubban 'yan kallo. Washegari da yamma aka shigo da Meredith aka ajiye shi a ɗakin kwanan ɗalibai na Baxter, dogarai suka kewaye ginin mulki na Lyceum, jama'a suka taru, 'yan sandan jiha suka zame. Duwatsu, kwalaben fetur, harsasai. An umarci dogaran kada su yi harbi, barkonon tsohuwa kawai suke da izinin amfani da shi. Fiye da 160 daga cikinsu suka ji rauni, 28 da harbin bindiga. Aka kashe Paul Guihard, ɗan jaridar kamfanin dillancin labaran Faransa, da Ray Gunter, wani matashi mai gyaran na'urorin kiɗa. Ba a hukunta kowa kan kisan ba. Da safiyar 1 ga Oktoba Meredith ya yi rajista, ya wuce aji, darasin tarihin Amurka, hayaƙin yana nan bai gama washewa ba.

A nan galibin masu ba da labari ke tsayawa, kamar an ci nasara an tashi. Alhali a nan ne nasa ya soma.

Ka yi tunanin magidanci mai mata da ɗa, wanda ya yi shekara tara a soja har da zama a Japan, yana kwana a ɗaki da masu gadi a ƙofa, matarsa da ɗansa suna can Jackson. Ɗaliban da ke saman ɗakinsa suna karɓa-karɓa wajen buga ƙwallo a daɓe har gari ya waye don kada ya runtsa. Ana jefa abin fashewa na wasan yara ta kusa da tagarsa. In ya shiga ɗakin cin abinci sai a juya masa baya, in ya zauna a tebur sai a kwashe farantai a bar shi. Wasu 'yan ɗalibai farare da suka yi ƙarfin hali suka ci abinci tare da shi, da suka koma sai suka tarar an yi kaca-kaca da ɗakinsu. Wannan shi ne ainihin dabarar: ba shi kaɗai ake hukuntawa ba, ana hukunta duk wanda ya yi masa sallama, har sai kowa ya koyi kawar da kai. Malamin tarihi James Silver, wanda ya matso kusa da shi kuma ya fito ya soki yadda jihar ta rufe bakin kowa, tsangwama ta sa shi ma ya tattara ya bar Mississippi. An kuma yi harbi a gidan iyayen Meredith a Kosciusko.

Soja na iya buɗe maka ƙofar aji, amma babu bataliyar da za ta tilasta wa na kusa da kai ya ara maka littafi. Jami'a kuwa rabinta ba a aji take ba. Tana cikin muhawara a kan hanya, da karatun dare da abokai, da sanayyar da za ta yi maka rana bayan shekara ashirin. Duk wannan an hana shi. An mayar da shi saniyar ware a tsakiyar dubban mutane, kuma hukumar jami'a, wadda take da ikon korar masu wannan aika-aika, ta fi son ta jira ya gaji don kansa. Saura ƙiris hakan ta faru, domin a Janairun 1963 ya fito ya ce ba zai koma zango na biyu ba in abubuwa ba su canja ba. Daga baya ya koma. A watan Yuni aka harbe Medgar Evers a ƙofar gidansa a Jackson. Wata biyu bayan haka, ranar 18 ga Agusta, Meredith ya karɓi digirinsa a kimiyyar siyasa.

Akwai masu cewa, har a cikin masu tausaya masa, ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Rai biyu, ɗaruruwan raunuka, dubban sojoji, saboda mutumin da ya kusa gama digiri a wata kwalejin. Tambayar ba ta banza ba ce, amma an aika ta gidan da ba nata ba. Wata huɗu kacal bayan Oxford, a Janairun 1963, Harvey Gantt ya shiga Kwalejin Clemson a jihar South Carolina, shi ma da umarnin kotu, ba a fasa ko gilashi ba. Ba don fararen can sun fi ƙaunar baƙaƙe ba ne. Shugabannin jihar da 'yan kasuwarta ne suka ga abin da ya faru a Mississippi suka yanke shawarar ba za su bari a yi a gidansu ba. Ashe jinin da aka zubar a Oxford ba buƙatar ɗalibin ce ta jawo shi ba, zaɓin gwamnan ne. Batun kuma cewa ai yana da wata kwalejin, shi ne daidai hujjar da aka yi shekaru ana kafawa tun hukuncin 1896 da ya halasta wariya muddin wai an ba kowa nasa daidai. Ba a taɓa ba da daidai ɗin ba, kuma Jami'ar Mississippi ita ce matattarar da lauyoyi da alƙalai da 'yan majalisar jihar ke fitowa. Meredith ya san abin da yake hari. Shi a wurinsa yaƙi ne, kuma manufarsa ita ce ya tilasta wa gwamnatin tarayya ta sa ƙarfinta a bayan haƙƙinsa na ɗan ƙasa. Ya kuwa tilasta mata, duk da Kennedy ya so a lallaɓa a wuce wurin.

Wanda ya biyo bayansa bai samu wannan gatan ba. Cleve McDowell ya shiga sashen koyon lauya a Yunin 1963. Da Meredith ya gama aka janye masu gadi, McDowell ya ga ba shi da mai kare shi, ya riƙa yawo da ƙaramar bindiga. A watan Satumba aka gan ta, aka kore shi. Ƙa'ida ce, ba mai musu. Sai dai wannan saurin hukunci ba a gan shi ba a kan masu hana mutum barci wata da watanni.

Rayuwar Meredith ta bayan nan ba ta yi wa masu son gwarzo mai sauƙin yabo daɗi ba. Ya zo Najeriya ya yi karatu a Jami'ar Ibadan tsakanin 1964 da 1965, ya koma ya yi digirin lauya a Jami'ar Columbia. A Yunin 1966 ya tashi shi kaɗai zai taka daga Memphis zuwa Jackson, tafiyar mil 220, don ya nuna wa baƙaƙe su daina tsoron yin rajistar zaɓe. A rana ta biyu wani farar fata ya harbe shi daga cikin daji kusa da Hernando. Bai mutu ba, jagororin gwagwarmayar baƙaƙe su Martin Luther King da Stokely Carmichael suka ɗauki tafiyar suka ƙarasa, shi ma ya dawo ya shiga kafin a isa. Amma bai taɓa yarda a sa shi a sahun 'yan gwagwarmayar ba, yana ganin kiran abin "haƙƙin farar hula na baƙaƙe" ma raini ne, kamar shi ɗan ƙasa ne mai daraja ta biyu da ake yi wa alfarma. A 1989 ya karɓi aiki a ofishin Sanata Jesse Helms, mutumin da ya yi suna wajen adawa da dokokin daidaito, yana can kuma a 1990 lokacin da Helms ya kara a zaɓe da Harvey Gantt ɗin nan na Clemson. A 1991 ya goyi bayan David Duke, tsohon shugaban ƙungiyar Ku Klux Klan ta fararen da ke ƙin baƙaƙe, a takarar gwamnan Louisiana. Ba ni da abin da zan kare wannan da shi, kuma ba na nema. Abin da na sani shi ne taurin kan da ya sa shi waɗannan abubuwa shi ne dai taurin kan da ya zaunar da shi a tebur shi kaɗai wata goma. Mai laushin hali da son a yabe shi da ya tattara kayansa tun makon farko. Haƙƙinsa na shiga jami'ar jiharsu kuma bai dogara da ko zai zama abin koyi bayan shekara talatin ba.

A 2006 jami'ar ta kafa mutum-mutuminsa na tagulla a harabarta, yana tafiya zai shiga wata ƙofa. Shi da kansa daga baya ya ce bai so, a cire. A 2014 wasu ɗalibai suka zarga wa mutum-mutumin igiyar rataya a wuya, ɗaya daga cikinsu ya sha ɗaurin wata shida. A 2020 aka ɗauke gunkin sojan 'yan awaren kudu na zamanin yaƙin basasar Amurka daga tsakiyar harabar aka mayar da shi maƙabarta. Ba na raina waɗannan. Ɗan Meredith ma, Joseph, a wannan jami'a ya yi digirinsa na uku a 2002. Amma mutum-mutumi abu ne mai arha ga hukuma. Yana ba ta damar ta ɗauki wanda ta wulaƙanta ta mayar da shi ado a ƙasidar tallarta, ta ba da labarin kamar miyagu daga waje ne suka zo suka yi ɓarna dare ɗaya suka tafi. Gaskiya ne da yawa daga masu tarzomar daga waje suka zo. Rajistaran da ya aika da tangarahon nan kuwa ɗan gida ne.

Shi ya sa nake cewa a koma kan takardun. A 1963, shekarar da Meredith ya gama, manyan jami'o'in farare na jihar suka kafa sabon sharaɗi: sai mai neman shiga ya ci aƙalla maki 15 a jarrabawar share fage ta ACT. A lokacin, matsakaicin makin ɗalibai farare a jihar 18 ne, na baƙaƙe kuwa, waɗanda suka fito daga makarantun da aka hana kuɗi da littattafai da malamai, 7 ne. An jefar da wasiƙu biyar, an ɗauko lamba. Waɗannan alƙaluma suna cikin hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1992, a shari'ar da wani uba baƙar fata, Jake Ayers, ya soma tun 1975, inda kotun ta ce bai isa jiha ta goge wariya daga littafin doka ta bar ƙa'idojin da wariyar ta haifa suna ci gaba da aiki ba. Sai a 2002 aka sasanta, jihar ta amince ta kashe dala miliyan 503, galibi a kan jami'o'in baƙaƙe uku da ta daɗe tana yi wa rowa: Jackson State da Alcorn State da Mississippi Valley State. Ayers bai ga ranar ba, ya rasu tun 1986.

A yau baƙaƙen fata sun kai kusan kashi 38 cikin 100 na mutanen Mississippi, kaso mafi yawa a duk jihohin Amurka. A cikin ɗaliban jami'ar da Meredith ya shiga da rakiyar soja, ba su kai rabin wannan kason ba.